Darasin Lafiyar Iyali: Laulayin Ciki da Lokacin da Ya Dace Mai Ciki Ta Yi Tafiya

Wannan darasi na mata masu ciki ne, da mazajensu, da iyaye mata, da masu aikin sa-kai da ke zagaya tantuna da gidaje a sansanin Babikri da garin Basunda da ƙauyukan da ke kewaye. Wadda ta iya karatu ta daure ta karanta wa maƙwabciyarta.

Akwai tambayar da ba a rasa ji a ɗakin awo: "Ina da ciki, ga tafiya ta taso, yaushe zan tafi?" Wata asibitin Doka ko na Gadarif aka tura ta. Wata gidan iyayenta za ta je goyon ciki. Wata tana so ta koma garinsu a jihar Sinnar ko Jazira, inda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba ta da gida. Wata kuma aikin gona za ta bi mijinta. Amsar dukansu tana hannun lissafi biyu: makon da cikin yake ciki, da watan da shekara take ciki. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, ranar tafiya kan fito da kanta.

1. Yadda ake ƙirga makonnin ciki

A gida da watanni muke ƙirga ciki, amma a asibiti da makonni ake yi, domin mako ya fi nuna abin da ke faruwa a jiki. Ana fara ƙirgar daga ranar farko ta jinin al'adar da kika gani na ƙarshe. Daga wannan rana zuwa haihuwa kimanin kwana 280 ne, wato mako 40. Saboda haka ranar da kika lura al'ada ba ta zo ba, cikin ya riga ya kai mako 4 a lissafin ungozoma.

Don sanin lokacin haihuwa, ki ƙara wata 9 da kwana 7 a kan waccan rana. Kintace ne kawai, haihuwa na iya zuwa kafin nan ko bayan nan da mako ɗaya ko biyu.

Idan kin manta ranar, ki tuna abin da ya faru a lokacin: kafin Sallah ne ko bayanta? An yi ruwan farko? An fara yankan riɗi? An yi rabon abinci na wane wata? Ungozoma za ta taimaka miki ki kusanci ranar. Wadda ciki ya shiga tana goyo, al'ada ba ta dawo ba, ungozoma za ta auna tsayin cikin. Idan saman mahaifa ya kai cibiya, ciki ya kai kimanin mako 20. Motsin ɗa ma yakan fara tsakanin mako na 16 da na 20 ga yawancin mata.

Da zarar kin san makonki, kada ya ɓace miki. Ki sami zare ki riƙa ɗaura ƙulli ɗaya kowace Juma'a, ko ki riƙa jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani.

2. Yaushe laulayi ke farawa, yaushe yake sauƙi?

Mata bakwai zuwa takwas cikin goma suna yin tashin zuciya ko amai a farkon ciki. Ga yadda ya saba tafiya:

- Mako na 4 zuwa na 7: lokacin farawa. Warin girki, hayaƙin gawayi, turare ko man mota su fara damun ki. Yawu ya yawaita, jiki ya mutu.
- Mako na 8 zuwa na 12: lokacin tsanani. Ya fi ƙamari wajen mako na 9.
- Mako na 12 zuwa na 16: sauƙi ya fara samuwa, abinci ya fara zama.
- Mako na 20: tara cikin goma sun rabu da shi. Kaɗan ne ke kaiwa har haihuwa da shi.

Wasu da asuba yake kama su, su yi kumallo kafin su sa komai a baki. Wasu da yamma, wasu wuni guda. Duk laulayi ne. Mai cikin tagwaye ta fi shan wahalarsa, haka ma wadda ta sha shi a cikin da ya gabata, ko wadda dama mota ke sa ta amai.

Dalilinsa sinadarai ne da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa, waɗanda ke hauhawa da sauri a makonnin farko. A ƙarshen 2023 masu bincike daga Ingila da Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, mai suna GDF15, yana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da amai, kuma jikin wasu mata ya fi na wasu jin sa. Don haka mai laulayi ba shagwaɓa take yi ba, ba ragwanci ba ne, ba kuma sammu aka yi mata ba. Laulayi na yau da kullum ba ya cutar da ɗan da ke ciki matuƙar uwa na iya shan ruwa da cin ɗan abin da ya samu.

3. Abin da ke rage wahalarsa

- Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a wuni. Cikin da babu komai ya fi tayar da zuciya.
- Ki ajiye busasshiyar gurasa, busasshiyar kisra ko biskit kusa da shimfiɗa, ki ɗan ci kafin ki miƙe da safe.
- Ki riƙa kurɓar ruwa mai tsabta a hankali, tsakanin cin abinci. Kunun tsamiya, koko da ruwan lemon tsami suna zama wa mata da yawa.
- Ki rage soye-soye da yaji da maiƙo. Abincin da ya huce bai kai mai zafi wari ba.
- Citta na taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta, tare da bitamin B6, cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya a farkon ciki. Ki tafasa ɗan yanki a ruwa ki sha.
- Ƙwayar ƙarin jini kan ƙara wa wasu tashin zuciya. Kada ki daina sha da kanki. Ki gwada sha da dare bayan kin ci abinci, kuma ba tare da shayi ba, domin shayi na hana jiki ɗaukar ta. Idan abin ya ƙi, ki gaya wa ungozoma.
- Akwai maganin amai da ba ya cutar da ciki, amma a asibiti ake ba da shi. Ki guji ƙwayoyin kasuwa da jiƙe-jiƙen da ba ki san abin da ke ciki ba.

4. Lokacin da abin ya wuce laulayi

Mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari tana yin amai mai tsanani da ke ƙarar da ruwan jiki, har sai an yi mata ƙarin ruwa. Ki je asibiti a ranar idan:

- kin wuni kin kwana ko ruwa bai zauna miki ba;
- fitsari ya ragu ƙwarai, ya yi duhu, ko kin yi awa 8 ba ki yi ba;
- jiri na ɗibar ki idan kin miƙe, ko kina ramewa;
- akwai jini a cikin aman.

Akwai kuma cututtukan da ke fakewa a bayan laulayi, kuma a wannan yanki namu ba baƙi ba ne. Amai da zazzaɓi da ciwon kai na iya zama zazzaɓin cizon sauro, wanda ke jawo ɓari da ƙarancin jini. Amai da ido ya yi ɗorawa na iya zama shawara, wato ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa. Ya ɓulla a sansanin Um Rakuba a 2021, kuma ya fi yi wa masu ciki illa, musamman a watanni uku na ƙarshe. Amai da gudawa kamar ruwan shinkafa alamar kwalara ce, wadda aka sanar da ɓarkewarta a jihar Gadarif a watan Satumban 2023. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da rama da kumburin saifa na iya zama kala-azar. Amai da zafin fitsari da ciwon kwiɓi na iya zama ciwon ƙoda.

Ki riƙe wannan ƙa'ida: aman da ya fara karon farko bayan ciki ya wuce mako 11, ko aman da ya zo da zazzaɓi, ko ciwon mara, ko zubar jini, kada a kira shi laulayi sai ma'aikacin lafiya ya duba.

5. Zangon ciki uku da tafiya

Zango na farko, daga farawa zuwa mako na 13. Nan laulayi yake, nan kuma ɓari ya fi faruwa. Girgizar mota da kanta ba ta cika jawo ɓari ba. Matsalar ita ce mai amai a bayan lori, cikin rana da ƙura da warin gas, tana rasa ruwan jiki da sauri, kuma idan jini ya ɓalle a tsakiyar hanya babu mai taimako kusa. Tafiyar da za ta iya jira, a bar ta ta jira, musamman daga mako na 8 zuwa na 12.

Zango na biyu, daga mako na 14 zuwa na 28. Wannan ne lokacin tafiya mafi dacewa. Amai ya lafa, ƙarfi ya dawo, ciki bai yi nauyi ba, kuma haɗarin ɓari da na naƙuda kafin lokaci duk sun yi ƙasa. Ziyara, neman takarda, ƙaura zuwa wani gari, duk a shirya su nan.

Zango na uku, daga mako na 29 zuwa haihuwa. Zama ya fara wuya, ƙafafu na kumbura, hawan jini ya fi bayyana. Tafiya mai nisa sai da shawarar ungozoma. Daga mako na 36 ya kamata ki kasance a wurin da za ki haihu. Kamfanonin jiragen sama ma galibi ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36, mai tagwaye kuma bayan na 32.

Tafiya ɗaya ce ba ta da lokaci: tafiyar asibiti. Idan an tura ki, ko kin ga alamar haɗari, ki tafi ko a mako na nawa kike, ko dare ne ko rana.

6. Haɗa lissafin ciki da lissafin damina

Duk wanda ya shekara a Basunda ya san halin ƙasar nan. Baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta zama taɓo mai riƙe taya. Daga watan Yuni zuwa Oktoba koramu na cika, kuma hanyar ƙasa da ke fita da mu zuwa kwaltar Gadarif da Galabat tana iya yankewa na kwanaki, har sai tarakta kaɗai ke wucewa. Tafiyar awa kaɗan da rani tana iya cin wuni da kwana a watan Agusta. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Ga misalai uku don a ga yadda ake lissafin.

Mace ta farko ta ga al'adarta ta ƙarshe ranar 1 ga Satumba. Laulayinta zai fara wajen tsakiyar Oktoba, ya tsananta a farkon Nuwamba, daidai lokacin kaka, ana yankan riɗi ana shirin girbin dawa. Wannan ba lokacin bin lori zuwa manyan gonaki ba ne. Za ta shiga mako na 14 ranar 8 ga Disamba, ta kai na 28 wajen tsakiyar Maris. Hanya a bushe, gari da sanyi. Duk tafiyar da take da ita ta yi ta nan. Haihuwarta za ta faɗo wajen 8 ga Yuni, a bakin damina, don haka ta zauna kusa da asibiti tun farkon Mayu.

Mace ta biyu ta ga nata ranar 1 ga Maris. Laulayinta zai kama daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, cikin tsananin zafi, lokacin da amai ya fi saurin ƙarar da ruwan jiki. Zangonta na biyu zai fara 7 ga Yuni ya ƙare 13 ga Satumba, wato duka cikin damina. Jikinta ya shirya, hanya ba ta shirya ba. Zaɓi biyu gare ta: ta tafi a farkon Yuni kafin ruwa ya zauna, ko ta jira ƙarshen Oktoba, lokacin tana mako na 34, idan ungozoma ta duba ta ta amince. Haihuwarta wajen farkon Disamba ce.

Mace ta uku ta ga nata ranar 1 ga Disamba. Laulayinta zai zo a Janairu da Fabrairu, cikin sanyi. Zangonta na biyu daga 9 ga Maris ne zuwa 15 ga Yuni, hanya a buɗe amma rana na ƙuna, sai ta yi sammako ta huta da tsakar rana. Ita ce ta fi buƙatar shiri, domin haihuwarta za ta faɗo a farkon Satumba, lokacin da hanya ta fi lalacewa. Idan ta ce za ta jira mako na 36, wato 10 ga Agusta, mai yiwuwa babu motar da za ta fitar da ita. Idan cikinta na da haɗari, tun watan Mayu za ta zauna da ungozoma a tsayar da inda za ta haihu, ta ƙaura kafin hanya ta rufe.

7. Goyon ciki da wurin haihuwa

A al'adarmu mai cikin fari takan koma gidan iyayenta wajen wata na bakwai, ta haihu a gaban mahaifiyarta ta yi wankan jego a can. Al'ada ce mai kyau, kuma wata na bakwai bai yi nisa da mako na 28 ba. Abin da za a ƙara shi ne tambaya biyu kafin a sa rana: a wannan watan hanya za ta biyu? Kuma daga gidan iyayen zuwa asibitin da ake tiyata da ƙarin jini tafiyar awa nawa ce? Idan wata na bakwai zai faɗo a Agusta, a tafi tun a na biyar ko na shida. Idan gidan iyaye ya fi nan nisa da asibiti, ya fi kyau mahaifiyar ta zo wurin 'yarta.

Waɗannan mata a asibiti mai tiyata ya kamata su haihu, kuma kada su yi doguwar tafiya sai an duba su:

- wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa;
- mai cikin tagwaye, ko wadda ɗa ya kwanta mata a gicciye;
- mai hawan jini, ko wadda ta taɓa jijjiga;
- wadda ta ga jini a wannan cikin, ko ta zubar da jini da yawa a haihuwar baya;
- yarinya 'yar ƙasa da shekara 18, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye;
- mai ƙarancin jini ƙwarai;
- wadda aka yi wa kaciya mai ɗinki.

8. Shirin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya ko biyu kafin ki tashi:

- Ki je awo ki faɗi inda za ki da ranar tashi. A gwada jininki da hawan jini, a ba ki ƙwayoyin da za su ishe ki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas: kafin mako na 12 ya cika, sai mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Tafiya kada ta sa ki tsallake ko ɗaya. Ki tambayi inda za ki ci gaba da awo a can.
- Wadda ke da rajistar gudun hijira tana buƙatar takardar izinin fita daga ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Sudan, wato COR. Ki nema da wuri. Idan larura ce ta gaggawa, ki nufi asibitin sansani kai tsaye, su ne ke shirya tura marar lafiya gaba.
- Ki sa katin awo da katin shaida a leda, ki riƙe su a jikinki, kada su shiga cikin kayan da aka ɗaure a saman mota.
- Guzuri: ruwan da aka tafasa ko aka sa wa maganin tsabtacewa, wanda ya fi abin da kike zaton za ki sha, gurasa, dabino, gyaɗa, lemon tsami, fakitin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake zuba ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sabulu, leda, tsumma mai tsabta, da gidan sauro.
- Idan ciki ya wuce wata bakwai, ki tafi da kayan haihuwa.
- Kada ki tafi ke kaɗai.

A kan hanya, ki nemi kujerar gaba ko kusa da taga. Kada ki hau saman buhuna a lori, kuma ki guji babur idan ciki ya tsufa. Idan motar na da bel, ki ɗaura shi ƙarƙashin ciki, a kan ƙugu. Duk bayan awa biyu ki sauka ki taka ƙasa, idan ba a tsaya ba ki riƙa motsa ƙafafu, domin dogon zama na sa jini ya daskare a ƙafar mai ciki. Kada ki ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Kada ki sha ruwan korama ko na randar bakin hanya. Inda dare ya yi muku, ki ɗaura gidan sauro ko da na kwana ɗaya ne.

A tsaya a asibiti mafi kusa, kada a jira isa gari, idan aka ga zubar jini, fashewar faya, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, jijjiga, zazzaɓi, wahalar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko ɗa ya daina motsi.

9. Ga maigida da iyaye

Maigida, sau da yawa kai ne ke sa ranar tafiya, kai ne ke biyan kuɗin mota. Ka san makon da cikin iyalinka yake kamar yadda ka san ranar kasuwa. Ka ware kuɗin gaggawa tun kaka, lokacin da akwai abin hannu. Ka riƙe lambar wayar mai mota ko mai tarakta guda biyu. Ka san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. Idan za ka yi nisa wajen aikin gona, ka bar izini a fili cewa duk sa'ar da larura ta taso a kai ta asibiti ba sai an jira ka ba.

Iyayenmu mata, kun riga mu sanin ciki, kuma maganarku ake ji a gida. Ku karɓar wa mai laulayi girki da ɗiban ruwa a makonnin tsanani. Idan kun ga amai ya hana ta shan ruwa, ku ne za ku fara cewa a tafi asibiti.

Tambayoyin bita, don tattaunawa a rukuni

1. Daga wace rana ake fara ƙirga makonnin ciki?
2. A wane mako laulayi ya fi tsanani, kuma yaushe yake sauƙi ga yawancin mata?
3. Ki ambaci alamomi uku da ke nuna amai ya wuce laulayi.
4. Wata ta ga al'adarta ta ƙarshe a farkon watan Janairu. A wane wata za ta haihu? Yaya hanyar Basunda take a wannan watan? Yaushe ya kamata ta tafi goyon ciki?
5. Ke fa, a mako na nawa kike yau, kuma ina za ki haihu?

Duk wadda ba ta iya amsa tambaya ta biyar ba, ta ɗauki katinta ta zo ɗakin awo a wannan makon, ungozoma za ta yi lissafin tare da ita. Awo kyauta ne a asibitin sansani. Allah Ya raba lafiya.